Mudun Haske: Sanin Ma'aunin Zaren Gilashi Kafin a Shiga Ciniki

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar raya unguwarmu, Ƙofar Mazugal, Kano



Gabatarwa

Da aka aiko mana da takardar gayyata, aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai, jama'a da dama sun zaci za mu ɗauko tarihin ganuwa ko tarbiyyar yara, tun da nan ce gonar tsohon malami. Ba mu ƙi hakan ba, amma bana akwai maganar da ta fi matsa mana, domin ta taɓa kuɗinku, ta kuma so ta taɓa zumuncinmu.

Kamar yadda kuka sani, da gudummawar da kuka tara aka buɗe ɗakin kwamfuta domin yaran unguwa, ganin cewa tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Mu aka ɗora wa alhakin sayo layin intanet. Mai sayarwa ya ce mana layinsa "mega goma" ne. Muka koma gida muka ɗauki alƙalami. Darasi ɗaya na bidiyo da muke son sauke wa yara girmansa gigabayit 1 ne, wato mega 1,000. Muka raba 1,000 gida 10, muka sami sakan 100, muka rubuta muku cewa cikin ƙasa da minti biyu kowane darasi zai sauka. Ranar gwaji, a gaban idon wakilanku, darasin nan ya haura minti 13 kafin ya kammala. Ba a yi mako guda ba sai ƙananan maganganu suka fara yawo: wai ko kwamiti ya sayo ƙaramin layi ya soke canji, wai ko an damfare mu mun ɓoye.

Wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu injiniya ne, shi ya warware mana ƙullin. Ya ce, "Malam, ba a cuce ku ba, kuma ba ku ci kuɗin kowa ba. Shi da nasa mudu ya auna, ku kuma kuka lissafa da wani mudun daban." Ya zaunar da mu kamar yadda muka taɓa zaunar da shi, ya koya mana. Gemu dai ba ya hana ilimi. Yanzu da ƙungiya take shirin jawo zaren gilashi zuwa ɗakin nan, muka ga wajibi ne mu juye muku abin da muka koya, domin kada a sake cinikin biri a sama.

Kowace Kasuwa da Mudunta

Bakano ba baƙon awo ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi take ci, kuma babu kasuwar da za ta daɗe haka ba tare da mai saye da mai sayarwa sun yarda da ma'auni ɗaya ba. Wanda ya je Dawanau sayen gero yakan tambaya ko buhun mai kwano arba'in ne, yakan kuma duba kwanon da idonsa. Wanda ya je sayen yadi a Kantin Kwari ba ya biya sai an ja awo a gabansa.

Sa'o'inmu kuma za su tuna da wahalar da muka sha a firamare wajen lissafin kuɗi: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. A ranar 1 ga Janairu, 1973 aka kawo naira da kwabo, aka ce fam ɗaya naira biyu. Wanda ya iya juyawa ya tsira, wanda bai iya ba sai ya dogara da bakin mai canji. Abin da za mu yi yau irin wannan juyawa ce: a ɗauki sunayen da injiniyoyi suke kiran ƙarfin layukansu da su, irin su E1 da STM-1 da OC-3, a mayar da su ma'aunin da muke gani a wayoyinmu.

Mene ne Zaren Gilashi?

Zaren gilashi, wanda matasa suke kira faiba, gilashi ne tatacce da aka ja shi ya yi siriri kamar gashin kai. Ana harba hasken leza ta bakinsa ɗaya, ya bi cikinsa ya fita ta ɗaya bakin. A tsarinsa mafi sauƙi, kunna hasken yana nufin 1, kashe shi yana nufin 0, kuma da waɗannan lambobi biyu ake rubuta murya da hoto da wasiƙa. A shekarar 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa idan aka tace gilashi sosai zai iya kai saƙo nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, Kao kuma ya sami lambar Nobel a 2009.

A wajenmu, zaren farko da ya haɗa Nijeriya da Turai ta ƙarƙashin teku shi ne SAT-3, wanda ya fara aiki a 2002, ya sauka a Legas a hannun NITEL. MainOne da Glo-1 suka biyo baya a 2010, WACS a 2012, sannan Equiano na kamfanin Google ya iso Legas a 2022. Daga bakin teku ne wasu zaruruwan suke bin gefen hanya har su iso Kano. Duk wanda ya tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wasu daga cikin wayoyin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice, ya san cewa kasuwancinmu ya rataya a jikin wannan zare.

A nan akwai abin lura. Haske yana gudu a cikin gilashi da saurin kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, ko layin mai tsada ne ko mai araha. Tazarar Legas zuwa Kano, wadda direba yake kwana a kanta, haske yana cinye ta kafin ƙiftawar ido. Saboda haka idan aka ce wannan layi ya fi wancan "sauri", ba hasken ne ya fi gudu ba. Ku ɗauki misali da ƙofar nan tamu. A zamanin fatake, jakin da ya shigo ta Ƙofar Mazugal tafiyarsa ɗaya da wanda ya shigo ta kowace ƙofa. Abin da yake bambanta ƙofa da ƙofa shi ne yawan kayan da za su iya wucewa a lokaci guda. To, abin da ake aunawa a zaren gilashi faɗin ƙofa ne: kaya nawa ne suke wucewa a kowane sakan.

Bit da Bayit

Ƙwayar hatsin wannan kasuwa ita ce bit, wato 1 ko 0 guda ɗaya. Bit 8 su ne bayit ɗaya, kuma bayit ɗaya ya isa ya ɗauki harafin boko na yau da kullum, kamar A ko B. Kilo na nufin dubu, mega miliyan, giga miliyan dubu, tera kuma giga dubu.

Ga inda gizo yake saƙar. Masu sayar da layi da bit suke awo, suna cewa megabit kaza a sakan, a rubuce Mbps, da ƙaramin b. Girman hoto ko bidiyo ko littafi kuwa, da datar da muke saye a waya, da bayit ake auna su, a rubuce MB ko GB, da babban B. A bakin mutane duka biyun "mega" ne. Mai layinmu megabit 10 yake nufi, mu kuma muka ji megabayit 10. Megabit 10 idan aka raba gida 8 ya zama megabayit 1.25 a sakan. A raba 1,000 da 1.25, a sami sakan 800, wato minti 13 da sakan 20. Abin da agogo ya nuna mana ke nan a ranar gwaji. Harafi ɗaya, ƙarami ko babba, shi ya so ya raba kan ƙungiya.

Daga Muryar Mutum Aka Faro

Lambobin da za ku ji nan gaba suna da ban mamaki, kamar 2.048 da 155.52. Ba da ka aka zaɓe su ba, daga wayar tarho aka gado su. Domin a mayar da muryar mutum lambobi, na'ura tana ɗanɗana muryar sau 8,000 a kowane sakan, kowane ɗanɗano ta rubuta shi da bit 8. Idan aka ninka 8,000 sau 8 za a sami bit 64,000. Ke nan kiran tarho ɗaya yana cin kilobit 64 a sakan. Wannan shi ne kwanon farko.

Injiniyoyin Turai suka haɗa irin wannan kwano guda 32 a layi ɗaya, 30 domin magana, biyu domin tsara tafiyar saƙo da alamun kira. A ninka 64 sau 32, a sami kilobit 2,048, wato megabit 2.048 a sakan. Shi ake kira E1, kuma tsarin da Nijeriya ta bi ke nan. Amurkawa kuwa suka haɗa 24, suka sami megabit 1.544, suka kira shi T1. Mudu biyu ke nan a duniya ɗaya, kuma haɗa su wuri guda ya zama aiki.

Da zaren gilashi ya yawaita, sai aka nemi matakala guda da kowa zai hau. Amurka ta fito da tsarin SONET, wanda matakansa suke ɗauke da sunan OC. A shekarar 1988 reshen Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya amince da tsarin SDH, wanda matakansa suke ɗauke da sunan STM. Aka daidaita su ta yadda mataki na uku na Amurka, OC-3, ya zo daidai da matakin farko na duniya, STM-1.

Rajistar da Ake Cikawa Sau Dubu Takwas

Domin a gane inda 155.52 ta fito, ku tuna da rajistar aji, mai sahu a kwance da gidaje a tsaye. STM-1 tamkar shafin rajista ne mai sahu 9, kowane sahu da gida 270, kowane gida yana ɗaukar bayit ɗaya. Idan aka ninka 9 sau 270 za a sami bayit 2,430 a shafi ɗaya. Ana aika irin wannan shafi sau 8,000 a kowane sakan, daidai da yadda ake ɗanɗana murya. A ninka 2,430 sau 8,000, a sami bayit 19,440,000, wato megabayit 19.44 a sakan. A sake ninkawa sau 8 domin a koma bit, a sami 155,520,000, wato megabit 155.52. Duk yaron da ya gama aji shida zai iya wannan lissafi a kan allo.

Shafin OC-1 na Amurka sulusin wannan ne, sahu 9 da gida 90, wato bayit 810, wanda yake bayar da megabit 51.84. Daga nan ƙa'ida ta fito fili. Duk lambar da ta biyo bayan OC, a ninka ta da 51.84. Duk lambar da ta biyo bayan STM, a ninka ta da 155.52. Abin da ya fito megabit ne a sakan, a raba shi gida 8 a sami megabayit. Ga matakalar kamar yadda take:

E1: megabit 2.048, wato kilobayit 256 a sakan.

OC-1: megabit 51.84, wato megabayit 6.48 a sakan.

STM-1 ko OC-3: megabit 155.52, wato megabayit 19.44 a sakan.

STM-4 ko OC-12: megabit 622.08, wato megabayit 77.76 a sakan.

STM-16 ko OC-48: megabit 2,488.32, wato megabayit 311.04 a sakan.

STM-64 ko OC-192: megabit 9,953.28, wato megabayit 1,244.16 a sakan.

STM-256 ko OC-768: megabit 39,813.12, wato megabayit 4,976.64 a sakan.

Za ku lura cewa daga STM-1 zuwa sama kowane mataki ninki huɗu ne na wanda yake ƙarƙashinsa. Za ku kuma ji injiniyoyi suna taƙaitawa, su kira STM-16 "giga biyu da rabi", STM-64 "giga goma", STM-256 "giga arba'in". Cikon baki ne irin na kasuwa, ainihin lambobin su ne waɗanda muka jera.

Domin a ji nauyin waɗannan lambobi, STM-1 guda ɗaya yana ɗaukar E1 har 63. Tun da kowane E1 yana ɗaukar kira 30, mutum 1,890 ne za su iya kiran 'yan'uwansu a lokaci guda ta cikinsa. Wayar gilashi ta farko da ta ƙetare tekun Atilantika, TAT-8, wadda ta haɗa Amurka da Ingila da Faransa a 1988, an auna ta da megabit 280 a sakan, abin da bai kai STM-1 biyu ba.

Nauyin Buhu Ba Hatsi Ba Ne

Bayan raba takwas, akwai ragi na biyu. Idan aka ɗora mota a kan sikeli, ba duk nauyin ne hatsi ba, akwai buhuna da igiya da tamfol. Haka ma rajistar aji, gidajen farko na lamba da suna ne, ba a sa alamar zuwa a cikinsu. A shafin STM-1, gidaje 9 na farkon kowane sahu na kula da layi ne: daidaita tafiya, gano kuskure, da saƙon da na'urori suke aika wa juna. Gida ɗaya kuma na rakiyar kayan ne daga inda suka taso zuwa inda za su. Saura gida 260 ke nan. A ninka 260 sau 9, sau 8,000, sau 8, a sami megabit 149.76, wato megabayit 18.72 a sakan. Kusan kashi 4 cikin 100 ya tafi a buhu.

Ba a nan ragin ya tsaya ba, domin intanet ma tana yanka saƙo ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshinsa. Saboda haka ɗalibin namu ya ba mu wata dabara ta lissafin ka: a maimakon raba takwas, a raba goma. Idan an ce maka layi megabit 50 ne, ka sa ran megabayit 5 a sakan. Idan ka sami fiye da haka ka gode, idan ka sami ƙasa da haka sosai, kana da hujjar yin tambaya.

Ragi na uku ƙarami ne, amma yakan jawo gardama. A wajen masu layi, kilo 1,000 ne cif. Wasu kwamfutoci kuwa da 1,024 suke ƙirga, saboda lissafinsu na ninkin biyu ne. A matakin giga, bambancin ya kai kimanin kashi 7 cikin 100, domin gigar kwamfuta bayit 1,073,741,824 ce. A 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta raɗa wa ƙirgar 1,024 sunaye na daban, kibi da mebi da gibi, amma har yau ba kowace na'ura ce take amfani da su ba. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai sayi filasha mai giga 64, kwamfuta ta nuna masa bai kai 60 ba.

Yanzu mu dawo da darasinmu mai gigabayit 1, mu bi da shi ta kowace ƙofa. A kan modem ɗin tarho na da, mai kilobit 56, zai ci kusan awa 40. A kan E1 zai ci minti 65. A kan layinmu na megabit 10, minti 13 da sakan 20. A kan STM-1, bayan an cire nauyin buhu, kimanin sakan 53. A kan STM-16, sakan uku da ɗan ɗoriya.

Faɗin Ƙofa Daban, Yawan Kaya Daban

Akwai wasu ruɗani biyu da suka rage. Na farko shi ne haɗa faɗin ƙofa da yawan kayan da aka yarda ka shigo da su. Megabit a sakan faɗin ƙofa ne. Gigabayit a wata kuwa adadin buhunan da ka biya ne. Layin megabit 10 idan ya yi aiki dare da rana na kwana 30 zai iya sauke gigabayit 3,240. Amma idan a yarjejeniya an rubuta cewa iyakarka gigabayit 100 a wata, to wannan layi zai iya cinye su cikin awa 22 da 'yan mintoci, sauran kwanakin watan a zauna ana kallon juna.

Na biyu shi ne tarayya. Ƙofa ɗaya ce, amma mutum nawa ne suke bi ta cikinta? A cikin gida, idan kwamfuta 40 suka hau layin megabit 20 a lokaci guda, kowace za ta sami rabin megabit, wato kilobayit 62.5 a sakan. A waje kuma, mai sayarwa yakan raba hanya ɗaya ga gidaje masu yawa. Tsarin da aka fi amfani da shi wajen kai zaren gilashi gidaje, mai suna GPON, yana sauko da megabit 2,488 a sakan, lambar da kuka ji ɗazu a STM-16, yana kuma hawa da 1,244. Amma zare ɗaya akan raba shi ga gidaje 32 ko 64. Idan gidaje 64 suka buɗe famfo gaba ɗaya, rabon kowa bai kai megabit 39 ba. Wannan ba ha'inci ba ne matuƙar an faɗa maka, shi ya sa ma yake da araha. Layin da aka keɓe maka kai kaɗai kuɗinsa daban ne.

Wani zai ce, ai waɗannan sunaye na STM da OC sun tsufa. Gaskiya ne. A shekarun 2000, bayan shigowar wayar salula a 2001, da E1 da STM-1 kamfanoni da bankuna suke cinikin hanya. Yanzu manyan hanyoyi sun koma tsarin Ethernet da makamantansa, inda launin haske guda yake ɗaukar gigabit 100 ko fiye, kuma akan cusa launuka da dama a zare ɗaya. Sai dai tsofaffin lambobin ba su ɓace ba, suna nan a tsofaffin na'urori da takardun yarjejeniya, ga su kuma sun ɓullo a GPON. Lissafin dai bai canza ba: gigabit 100 a raba gida 8, gigabayit 12.5 ne a sakan. Wanda ya iya juya fam zuwa naira, juya dala ba zai gagare shi ba.

Shawarwari ga Ƙungiya

Da farko mu san buƙatarmu kafin mu je kasuwa. Idan muna son kwamfuta 40 su yi aiki tare, kowace da megabit ɗaya, muna buƙatar megabit 40. A tsohon ma'auni, kusan E1 ashirin ke nan, ko kimanin rubu'in STM-1. Domin kwatanci, Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara. Daga nan sai kwamiti ya riƙe waɗannan tambayoyi shida, kuma a rubuta amsoshinsu a takardar yarjejeniya:

1. Lambar da aka faɗa, megabit ce ko megabayit? A rubuta kalmar cikakkiya, kada a tsaya ga "mega".

2. Layin namu ne mu kaɗai, ko na tarayya ne? Idan na tarayya ne, mene ne mafi ƙarancin abin da aka lamunce mana?

3. Ƙarfin saukewa nawa ne, na aikawa nawa ne? Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

4. Akwai iyakar gigabayit a wata? Idan an kai iyakar, yankewa ake yi ko ragewa?

5. Idan masu aikin hanya ko haƙar magudanar ruwa suka tsinke zaren, cikin awa nawa za a gyara, kuma za a rage mana kuɗin kwanakin da muka yi babu aiki?

6. Za a yarda mu gwada kafin mu biya? Gwajin ba ya buƙatar injiniya. A kashe sauran kwamfutoci, a haɗa guda ɗaya da waya, a sauke abu mai gigabayit 1 daga tushe mai ƙarfi, a riƙe agogo. A kan megabit 50, lissafi ya ce minti 2 da sakan 40, kuma har zuwa minti 3 da sakan 20 babu laifi. A maimaita da safe da yamma, domin cunkoson yamma shi yake tona asirin layi.

Muna kuma roƙon 'ya'yanmu da suke aiki a fannin sadarwa a Legas da Abuja su ba da gudummawar ido, ko da ta waya ce, su duba takarda kafin a sa hannu. Malamanmu na lissafi kuma su shigar da irin waɗannan misalai cikin darasin ninkawa da rabawa. Yaron da aka ce ya lissafa minti nawa bidiyo zai ɗauka kafin ya sauka ba zai yi gyangyaɗi a aji ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, mun faro da labarin kuskurenmu, kuma mun faɗe shi a bainar jama'a ne da gangan. Mun shafe shekaru muna ja wa yara kunne cewa lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi ko na mene ne, goma ta lemo ko goma ta kwando, sai ga shi mun faɗa ramin da muke hana su. Waɗanda suka yi tambaya a kan kuɗinsu ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne. Abin da ya kamace mu shi ne mu iya ba su amsa da lissafin da kowa zai bi da alƙalaminsa.

Abubuwa uku muke so ku tafi da su garuruwan da kuke zaune: ku raba takwas, ku cire nauyin buhu, ku tambayi mutum nawa ne a ƙofa. Da su za ku auna layin ofis da na gida da na shago, da su kuma za ku auna rahoton da kwamiti zai kawo muku baɗi. Kwafin matakalar lambobin nan yana wajen sakatare, an kuma manna ɗaya a bangon ɗakin kwamfuta domin yara.